Yaron Da Jirgi Ya Tafi Da Shi: Yadda Aka Bi Sawunsa Daga Tudun Wada

Wata rana bayan an tashi taron ƙungiyar mata masu sana'ar gyaɗa a Tudun Wadan Zariya, muna shirin tafiya, sai wata dattijuwa ta tsai da mu a zaure, ta ce tana da tambaya wadda ba ta shafi mai ko ƙuli-ƙuli ba. Muka zauna. Ta daɗe tana murza bakin gyalenta kafin ta buɗe baki. Tambayar ita ce, in an raba mutum da ƙanensa tun suna yara, yau shekara kusan sittin, akwai wani wuri da a ke zuwa a yi cigiya?

A ranar ba mu da amsa. Abin da muka iya shi ne alkawari, cewa za mu haɗa kai da jikarta, wadda ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, mu bi sawu tare har inda ƙarfinmu ya kai. Mutanen gidan sun yarda a buga labarin, amma sun roƙa kada a faɗi sunan kowa, mun kuwa cika musu. Mun kawo shi ne domin mun sani ba gidansu kaɗai ke da irin wannan miki ba.

YADDA AKA RABU

Wanda bai san Zariya ba, bari mu ɗan kwatanta masa. Akwai Birni, cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau ta ke. In ka fito ta Ƙofar Doka ka yi arewa, sai Tudun Wada, wadda aka kafa a zamanin Turawa domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba Zage-zagi ba. In ka ƙetare Kubanni ka ci gaba, sai tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari, inda mutanen Kudu suka zauna. Hanyar jirgi ta iso Zariya a 1911, ita ce kuwa ta jawo akawuna da makanikai da 'yan kasuwa daga nesa.

Uban wannan dattijuwa ɗaya ne daga cikinsu. Ibo ne, yana aikin gyaran injin jirgi. Ya auri wata 'yar kudancin Zazzau wadda danginta ke zaune a Tudun Wada, suka haifi 'ya'ya biyu, mace da namiji.

Sai shekarar 1966 ta zo. Ran 15 ga Janairu waɗansu sojoji suka kashe Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da waɗansu manyan ƙasa. A ƙarshen watan Mayu aka yi tarzoma a garuruwan Arewa, har da Zariya. Ran 29 ga Yuli aka sake juyin mulki. A ƙarshen Satumba da farkon Oktoba kuwa aka yi kashe-kashe mafi muni, dubban mutanen Gabas suka hallaka, fiye da miliyan ɗaya suka gudu gida. 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma an kashe waɗansu, sauran suka dawo hannu rabbana. Ba don tonon silili muka ambaci waɗannan ba. Mai bin sawun dangi tilas ya san ranakun, gama da su ne zai auna abin da tsofaffi suka faɗa masa.

A cikin wannan tashin hankali surukan mutumin suka ɓoye shi a ɗakin ajiye hatsi a Tudun Wada har kwana da kwanaki, sa'an nan suka raka shi tasha da asuba. Yarinyar, watau dattijuwar tamu, tana shekara shida, tana kwance da ƙyanda, ba halin a ɗauke ta. Aka yanke shawara uban ya tafi da namijin, mai shekara huɗu, uwar kuma ta biyo su da macen in ƙura ta lafa. Jirgin ya bi ta Kaduna da Kafanchan, ya haye gadar Binuwai a Makurɗi, ya nufi Inugu. Abin da ta riƙe game da ƙanenta biyu ne: yana da tabon ƙuna a ƙafar hagu, don ya taɓa taka garwashi a bakin murhu, kuma duk inda ta sa ƙafa yana biye da ita yana kiran Yaya.

YUNWA DA JIRAGEN DARE

Ƙura ba ta lafa ba. Ran 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya yi shelar ƙasar Biyafara, ran 6 ga Yuli aka fara yaƙi. Wasiƙa ta daina wucewa. Da Fatakwal ta faɗa hannun sojan tarayya a watan Mayu 1968, sai hanyar teku ta toshe, miliyoyin mutane suka cunkushe a ɗan yanki kaɗan.

Manomi zai fahimci abin da ya biyo baya fiye da kowa. Ƙasar Ibo ta rogo ce da doya. Naman da su ke ci, shanun Arewa ne. Wake ma daga nan a ke kai musu. Busasshen kifi kuwa daga Norway ya ke zuwa ta teku. Duk waɗannan suka yanke a lokaci guda. Yaron da ba ya cin kome sai garin rogo, ko da cikinsa ya cika, tamowa za ta kama shi: ƙafafu su kumbura, ciki ya fito, gashi ya yi ja ya zube. Yara ne suka fi mutuwa a yaƙin nan, kuma yunwa ce ta kashe yawancinsu.

A wani gari da a ke kira Uli aka faɗaɗa wani ɓangare na titin mota ya zama filin saukar jirgin sama. Da dare jirage ke sauka, a kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe, don tsoron bom. Ikilisiyoyin Katolika da na Furotestan na ƙasashe da dama sun haɗu cikin wata ƙungiya mai suna Joint Church Aid, suka yi sawu fiye da 5,000 daga tsibirin Sawo Tome, wanda a lokacin ke hannun Fotugal. Waɗansu jiragen kuma daga Libarbil, babban birnin Gabon, su ke tasowa. In jirgi ya sauke madara da kifi da magani, maimakon ya koma fanko, sai a zuba masa yaran da ciwo ya fi ci. Ta haka aka fitar da yara wajen 5,000, yawancinsu zuwa Gabon da Kwaddibuwa, ƙasashe biyu da suka amince da Biyafara a watan Mayu 1968, kaɗan kuma zuwa Sawo Tome. Ƙungiyoyi irin su Caritas da Terre des Hommes da Red Cross ta Faransa da ikilisiyoyin Jamus su suka yi ɗawainiyarsu. Waɗansu yaran sun warke, waɗansu a can aka binne su.

An gama yaƙi ran 15 ga Janairu 1970. Janar Yakubu Gowon, wanda a Wusasa nan kusa ya tashi, ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Gwamnatinsa ta nemi a dawo mata da yaran. To, amma ba ta ga maciji da Gabon da Kwaddibuwa, sabo da goyon bayan da suka ba Biyafara. Sai Yarima Sadruddin Aga Khan, shugaban Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shiga tsakani. Daga Nuwamba 1970 zuwa Fabrairu 1971 aka kwaso kimanin yara 3,700 daga Gabon, da kimanin 900 daga Kwaddibuwa. Yawancinsu an gano danginsu, ko da ya ke aikin bai zo da sauƙi ba. Da yawa an ɗauke su tun ba su san sunan ubansu ko na garinsu ba, waɗanda suka rubuta sunayen kuwa Faransawa ne da Jamusawa, yadda kunnensu ya ji haka suka rubuta. Waɗansu yaran ma sun dawo ba su jin kome sai Faransanci.

Uwar dattijuwarmu ba ta san duk wannan ba. Abin da ya iso mata a 1971, daga bakin wani Ibo da ya komo Sabon Gari, shi ne mijinta ya mutu a yaƙi, yaron kuma an gan shi a wani wurin jinya inda a ke ɗibar yara zuwa jirgi. Ita a tunaninta ƙasar Turawa aka kai shi. Daga baya ta sake aure a Tudun Wada, ta musulunta, 'yarta ta tashi a gidan mijin uwarta. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina tambayar duk wanda ta ji ya fito daga Gabas ba.

MUN FARA DA BAKI, SA'AN NAN AKWATI

Jikar, da ya ke 'yar zamani ce, so ta yi a fara da intanet. Muka ce a'a, a fara da kakarta. Muka zauna da ita sau uku, kowane zama ba ya wuce awa ɗaya, gama tsoho in ya gaji sai ya riƙa amsa abin da ya ga kana so ka ji. Jikar tana ɗaukar murya da waya, tana kuma rubutawa a littafi. Ba mu tambaye ta shekara kaza ba, don ba da lissafin shekara ta riƙe abin ba. Cewa mu ke yi, lokacin an cire gyaɗa? An fara sanyi? Wa ya ɗauki kayan zuwa tasha? Wace ce maƙwabciyarku ta dama? Kowace amsa tana fito da sunan wani, mu kuma mu rubuta shi mu tambaya ko yana raye. Daga cikin mutum goma sha ɗaya da ta ambata, biyu kaɗai muka iske da rai. Da an yi wannan zama shekara ashirin da suka wuce, da aikin bai kai rabin haka wuya ba.

Sa'an nan aka jawo akwatin ƙarfe na marigayiya daga ƙarƙashin gado. A ƙasan zannuwa aka sami hoto guda na mutumin da matarsa, da guntun katin aiki wanda ruwa ya cinye rabin lambarsa. Katin bai yi mana amfani wajen lamba ba, amma ya ba mu abin da ya fi lamba, watau sunan mutumin yadda shi kansa ya ke rubuta shi. Ashe sunan da gidan suka riƙe shekara da shekaru ba shi ne ba. Harshen Bahaushe ya lanƙwasa shi, ya yar da harafin farko, ya ƙara wasali a ƙarshe, har ya zama wani abu dabam. Da da shi muka fita cigiya, ko a ƙofar gidan danginsa muka faɗa ba wanda zai waiwayo.

A nan ga wani abu da ya kamata mai nema ya sani. Ibo suna da ranakun kasuwa huɗu, Eke da Orie da Afo da Nkwo, su kan kuma sa wa yaro sunan ranar da aka haife shi, kamar yadda mu ke da Ɗanladi da Talatu da Ɗanjuma. Sabo da haka sunaye irin su Nweke da Nwafo da Nwankwo ba su nuna gida ko gari, kamar dai ka shiga kasuwar Tudun Wada ka ce kana neman Ɗanladi. Sunan mutuminmu irin wannan ne. Sai da sunan gari za a yi gaba, garin kuwa ba wanda ya tuna.

Jikar ta yi kwana biyu a gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Irinsa uku ne manya, a Ibadan da Inugu da Kaduna, masanin tarihi Kenneth Dike ne ya aza harsashin aikin a 1954. A na Kaduna akwai fayilolin tsohon Lardin Zazzau, waɗanda a ke yi wa lamba ZARPROF, da tsofaffin jaridu. Wuri ne mai amfani ƙwarai ga mai son sanin abin da ya faru da lokacin da ya faru. Sai dai takardun Razdan da Di'o maganar haraji da sarauta da shari'a su ke yi, da wuya su ambaci sunan makaniki da ɗansa. Ta dawo da fahimta, ba ta dawo da suna ba. Muka fara shirya wasiƙa zuwa Janiba ta ƙasar Suwizalan, inda Hukumar 'Yan Gudun Hijira ke ajiye takardunta na dawo da yaran, muna tunanin wane suna ma za mu ce a duba. Allura ce cikin ruwa.

RUBUTUN GEFEN SHAFI

Ɗaya daga cikin tsofaffin nan biyu da muka iske da rai tela ne, idonsa ya tafi amma ƙwaƙwalwarsa garau. Muna cikin hira, ba ma kan maganar mu ke ba, sai ya ce shi ya ɗinka farar rigar da aka sa wa yaron ranar da aka kai shi wurin Fada aka zuba masa ruwa, har an yanka akuya. Watau an yi wa yaron baftisma a majami'ar Katolika a Sabon Gari. Mutanen gidan Musulmi ne tun tasowarsu, bai taɓa faɗo musu a rai cewa wani littafi a coci zai ƙunshi labarinsu ba. Mu ma da muka san da irin littafin, sai da tela makaho ya tuna mana.

Muka je muka gabatar da kanmu, muka faɗi abin da ya kawo mu. Ba a miƙa wa kowa littafin baftisma ya yi ta bincike, kuma daidai ne, don asirin mutane ne a ciki. Katikis ne ya ɗauko, ya buɗe da kansa, muna zaune. Littafin babba ne, an tsaga kowane shafi gida-gida: sunan yaro, ranar haihuwa, ranar baftisma, sunan uba da na uwa, garinsu, waɗanda suka tsaya wa yaron, da Fadan da ya yi hidimar. Ya bi shekarun farkon 1960 layi-layi da yatsa. Can sai ya tsaya. Ga sunan uban kamar yadda ya ke a katin aiki, ga sunan uwar, ga sunan wani gari wanda yanzu ke cikin Jihar Anambara.

Wannan kaɗai ya isa a yi murna. Amma katikis bai ɗaga kai ba, yana duban gidan ƙarshe na layin, inda akwai wani rubutu da tawada dabam da hannu dabam.

Ga yadda abin ya ke. A ƙa'idar Katolika, in mutum zai yi aure, sai an nemo shaidar baftismarsa daga inda aka yi masa. In an ɗaura auren kuma, sai a aika wa majami'ar ta farko da sanarwa, ita kuma ta rubuta a gefen sunansa. Ko mutum ya yi nisan duniya, layin nan nasa yana nan yana tara labarinsa. Rubutun da katikis ya gani cewa ya yi, mai wannan suna ya yi aure a wata majami'a a Jihar Anambara wajen ƙarshen shekarun 1980.

Watau yaron bai mutu ba, bai kuma ɓace a ƙasar Turawa ba. Ya dawo, ya girma, ya yi aure. Wasiƙar da ke ɗauke da wannan labari ta zo har Zariya, an buɗe ta, an kwafe ta a littafi. A lokacin uwarsa tana da rai, tana tuyar ƙosai a Tudun Wada, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba daga inda littafin ya ke ajiye. Ba laifin kowa ba ne. Wanda ya rubuta bai san akwai mai jira ba, mai jira ba ta san akwai littafi ba. Jikar ta fita waje ta yi kukanta ta dawo.

Kafin a rufe littafin, katikis ya koma baya shekara biyu, ya sami layin dattijuwar kanta. Da aka gaya mata ranar haihuwarta ta ainihi, sai ta yi dariya, ta ce ashe katin zaɓe ya rage mata shekara uku, kada a gaya wa kishiyarta.

TA HANYAR ƘUNGIYAR GARI

Da sunan gari a hannu, sauran aikin ba takarda ba ce. Kusan kowane garin Ibo yana da ƙungiyar 'yan garin a duk inda su ke zaune, Sabon Garin Zariya kuwa ba a bar ta a baya ba. Suna taro, suna tara kuɗi, su ne ke kai gawa gida in wani ya rasu, sabo da haka sun san gidan kowa. Wani mai sayar da kayan gyaran babur ya haɗa mu da shugaban 'yan garin. Ya saurare mu, ya dubi hoton, ya ce a ba shi mako biyu. A wurinsu dangin uba, waɗanda su ke kira umunna, su ne ke riƙe da lissafin wanda aka haifa da wanda ya mutu.

Amsar farko da ta zo ba mai daɗi ba ce. Dattawan can sun yi zaton gado aka biyo, gama fili a ƙasarsu ya yi ƙaranci, baƙon da ya ɓullo bayan shekara hamsin yana cewa shi ɗan gida ne dole a dube shi da ido biyu. Ba mu ga laifinsu ba. Jikar ta rubuta takarda da Turanci, kakarta ta dangwala yatsa, cewa ba su neman ƙasa ko kuɗi, labarin ɗan'uwa kaɗai su ke so. Aka haɗa da hoton iyayen da kwafin layin baftisma. Shawararmu ga duk mai irin wannan nema ita ce ya faɗi haka tun a wasiƙar farko.

Sa'an nan labari ya fito. An kai yaron Gabon, ya dawo cikin yaran da aka kwaso bayan yaƙi, ƙanen ubansa ya gane shi ya riƙe shi. An gaya masa uwarsa da yayarsa sun mutu a Zariya a 1966, domin haka dangin suka ɗauka. Shi ya sa bai taɓa nema ba. Ya yi kasuwanci a Anaca, ya haifi 'ya'ya biyar. Ya rasu 'yan shekaru kaɗan kafin mu fara cigiya.

Mun yi shawara a kan yadda za a gaya wa dattijuwar. Babban ɗanta ne ya gaya mata, bayan sallar la'asar, mu ba mu shiga ba. Washegari ta aiko a kira mata babbar 'yar marigayin a waya. Jikar ce ke tafinta. Tambayar farko da ta yi ita ce ta ƙafa. Matar ta ce ta hagu ce, tun suna yara su ke wasa da tabon, shi kuwa cewa ya ke bai san inda ya samo shi ba. Sa'an nan ita ma ta ce tana da tambaya. Ubansu ya iya ƙirga da Faransanci, ya kan yi musu don su yi dariya. Amma akwai wata kalma da ya riƙa maimaitawa a ciwon ajalinsa, sun ɗauka ta mutanen Gabon ce. Ta faɗe ta. Jikar ba ta fassara ba, ta miƙa wa kakarta wayar kawai.

Abokan karatun jikar sun ce a yi gwajin DNA don a tabbatar. Gwajin yana iya nuna cewa mutum biyu jininsu ɗaya ne, amma sai akwai mutum na biyun da za a gwada da shi, ba ya kuma faɗin sunan gari, ga shi da tsada. A nan littafi da tabo sun riga sun gama magana. Muna kuma gargaɗi game da masu cewa a ba su kuɗi su nemo wa mutum danginsa. Duk waɗanda suka taimake mu, daga tela zuwa katikis zuwa shugaban ƙungiya, ba wanda ya karɓi ko kwabo.

YARAN DA A KE RABAWA YAU

Kada mai karatu ya ce wannan labarin da ne. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce mutum kusan 22,000 ne aka kai mata cigiyarsu a Nijeriya sabo da rikicin Arewa maso Gabas, fiye da rabinsu kuwa yara ne a lokacin da suka ɓace. Nan kusa da mu ma, a ƙasar Giwa da Birnin Gwari, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka cikin dare, kowa ya yi ta kansa. Red Cross tana da sashen haɗa iyalan da rikici ya raba, kyauta ne, ana kuma iya fara magana da reshenta na jiha. Abin da za su fara tambaya shi ne cikakken suna, da shekaru, da inda aka ga mutum na ƙarshe, da wata alama a jiki.

Sa'ad da Ingila ta kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi daga birane zuwa ƙauyuka a farkon Satumba 1939, don tsoron bom ɗin Jamus, kowane yaro an maƙala masa takarda a riga mai ɗauke da sunansa. Mu ba a ba mu sanarwa kafin gudu. Takardarmu sai dai ta zama a bakin yaron. Da zarar ya iya magana, a koya masa sunansa na yanka, ba na wasa kaɗai ba, da sunan ubansa da na kakansa, da sunan ƙauye da na mai unguwa, a riƙa tambayarsa kamar wasa har ya zauna masa. A yi wa jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A sayi littafin rubutu guda, a sa wani ɗan makaranta ya rubuta sunan kowa a gidan, da ranar haihuwa, da alamar jiki, a ba wani ɗan'uwa a wani gari kwafi, don in gida ya ƙone kada littafin ya tafi tare da shi. Limamai da fastoci kuma, in an yi suna ko baftisma ko aure, a rubuta, har da garin iyaye, a kuma tsare littafin daga gara da ɗigon ruwa. Gidan nan guda na sunan gari shi ya buɗe mana hanya.

Yanzu ana waya tsakanin Tudun Wada da Anaca kusan kowace Lahadi da yamma. An koya wa 'ya'yan marigayin su ce Goggo, suna faɗa da irin nasu harshe. Sun ce ta zo a ƙarshen shekara, lokacin da dangi duka ke komawa gida, a nuna mata kabarin ƙanenta da na ubanta. A gidanta an rabu biyu. Babban ɗan ya ce hanya ba lafiya, ga ciwon gwiwa, su dai su zo. Ita ta ce zumunci a ƙafa ya ke, kuma ita ce babba a jini amma su ne ke da kabari. Ranar da muka koma ba a gama wannan gardama ba. Mun dai tarar ta sa an auno mata gyaɗa tiya goma, ta ce wa jikar ta tambaya ko mutanen can suna cin ƙuli-ƙuli mai yaji ko marar yaji.